Fashin Baƙi: Me Ya Sa Har Yanzu Ake Neman Musabbabin Wasu Cututtukan Kumburin Gaɓɓai?

Ta yaya za a ce ɗan shekara biyar yana fama da amosanin gaɓɓai, ciwon da kowa ya ɗauka na tsofaffi ne? Kuma me ya sa a zamanin da ake dashen ƙoda da zuciya, likita zai dubi iyaye ya ce musu har yau ba a tabbatar da abin da ke haddasa ciwon ɗansu ba? Waɗannan tambayoyi suna tasowa duk sa'ad da aka yi zancen wani da gaɓɓansa suka kumbura aka rasa gane kansu. Wasu sai su ce sanyi ne, wasu su ce likitocin ne ba su san aikinsu ba. Gaskiyar maganar ita ce abin da muke haɗawa wuri ɗaya mu kira ciwon gaɓɓai tarin cututtuka ne fiye da 100, kuma a cikinsu akwai waɗanda maganin ɗaya guba ne ga mai ɗayan. Aikin masu bincike na shekaru 50 da suka wuce shi ne rarrabe su.

Zaizayewa daban, kumburi daban

Ciwon gaɓɓan da aka fi sani shi ne na zaizayewar guringuntsi, wanda shekaru da nauyin jiki da tsohon rauni ke kawowa. Shi wannan, aiki ne ke tayar da shi, hutu kuma ya kwantar da shi.

Na kumburi kuwa akasin haka yake. Garkuwar jiki ce ke afka wa siririyar tantanin da ke lulluɓe cikin gaɓa, sai ta yi kauri, ta tara ruwa, daga baya ta fara cin guringuntsi da ƙashi. Mai shi yakan tashi da safe jikinsa a sandare fiye da rabin awa, sai ya motsa yake samun sauƙi. Sau da yawa abin bai tsaya a gaɓa ba, yakan taɓa ido da fata da huhu da jini. Babba a wannan gida shi ne rumatoyid, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 na ɗauke da shi a 2019. Wannan ba ya cikin waɗanda ake cewa ba safai ake samunsu ba. A dokar Tarayyar Turai, cuta tana shiga wannan rukuni ne idan ba ta kama fiye da mutum 5 cikin 10,000 ba. A Amurka kuwa, dokar 1983, bayan gyaran da aka yi mata a 1984, ta ce sai wadda masu ita ba su kai 200,000 ba a faɗin ƙasar. Irin waɗannan ne likita zai iya ƙare aikinsa bai ga guda ba, ko ya gani bai gane ba.

Garkuwa iri biyu, ɓarna iri biyu

An daɗe ana ɗaukar cewa duk kumburin da ba ƙwayar cuta a ciki hanya ɗaya yake bi: jiki ya ƙera sinadaran garkuwa masu kai wa naman jikinsa hari. Sai ga wasu marasa lafiya da kumburi ke neman hallaka su, amma duk gwajin da aka yi ba a ga waɗannan sinadarai a jininsu ba.

Bayanin ya fito ne daga wani ciwo na gado da ya fi yawa a tsakanin Turkawa da Armeniyawa da Larabawa da Yahudawa, wanda ake kira zazzaɓin Bahar Rum. Mai shi yakan yi kwana ɗaya zuwa uku cikin zazzaɓi da matsanancin ciwon ciki ko ƙirji, gwiwa ko idon sawu ya kumbura, sai abin ya ɗauke kamar ba a yi ba, sai kuma wani jiƙon. A 1997 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya ta haɗin gwiwar ƙasashe, ɗaya ta Faransa, suka gano ƙwayar gadon da ke da alhaki, wato MEFV. A 1999 Daniel Kastner da abokan aikinsa a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka nuna cewa akwai rukuni guda na irin waɗannan cututtuka. A 2002 kuma ɗakin binciken Jürg Tschopp a Lausanne ta Suwizalan ya bayyana wata na'ura ta furotin a cikin ƙwayoyin halitta, wadda aikinta sakin wani ɗan saƙon kumburi mai suna IL-1.

Abin da aka fahimta shi ne garkuwar jiki tana da masu tsaro kashi biyu. Akwai mai gadin bakin ƙofa, wanda ba ya tambayar suna, da ya ji motsi sai ihu da gora. Akwai kuma mai binciken da ke riƙe kamannin ɓarawo ya bi sawunsa. A rumatoyid, mai binciken ne ya ɗauki mutanen gida a matsayin ɓarayi. A zazzaɓin Bahar Rum da danginsa, mai gadin ne ke kwarma ihu ba tare da kowa ya taɓa ƙofa ba. Wannan bambanci shi ke yanke irin maganin da za a bayar.

Wani abin lura a nan: maganin zazzaɓin Bahar Rum ya riga sanin musabbabinsa da shekara 25. Tun 1972 Stephen Goldfinger ya ba da rahoton cewa shan kolcisin kullum yana hana tashin ciwon, daga baya kuma aka tabbatar yana kare ƙoda daga taruwar furotin da ke kashe ta. Saboda haka rashin sanin asalin ciwo ba ya nufin babu abin yi. A 2020 wani bincike ya kawo hujjar cewa sauyin gadon nan ya yawaita a yankin ne domin yana taimaka wa masu shi jure ƙwayar annobar nan da ƙuma ke yaɗawa, wadda ta karkashe mutane a ƙarnukan baya.

Gado shi kaɗai bai isa ba

Cututtukan da ƙwayar gado guda ke haddasawa su ne ƙalilan. Yawancin sauran, gado yana buɗe ƙofa ne kawai, sai wani abu ya shigo.

A 1973 masu bincike a Landan da Los Angeles, kowa da nasa aikin, suka gano cewa kusan 9 cikin 10 na fararen fata masu ciwon sandarewar ƙashin baya suna ɗauke da wata alamar gado mai suna HLA-B27. Aka yi zaton an zo ƙarshen magana. Sai aka tarar cewa cikin duk masu wannan alama, waɗanda ciwon ke kamawa ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba. Wani binciken da aka wallafa a 1997 kan Fulanin Gambiya ya samu alamar a jikin kimanin kashi 6 cikin 100 na mutanen, amma bai samu ko mutum ɗaya mai ciwon ba.

To mene ne ke cika sauran? Ɓeraye sun ba da wani ɓangare na amsar. A 1990 an samar da ɓerayen da aka dasa wa HLA-B27 ta mutum, suka kamu da kumburin hanji da na gaɓɓai. A 1994 aka yi renon irinsu a wurin da babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya, sai kumburin hanji da na gaɓɓai bai fito ba. Daga nan hankalin masana ya koma kan hanji da halittun da ke zaune a cikinsa. A jikin mutum ma ana ganin kwatankwacin haka: wani zai yi gudawa daga ƙwayoyin cuta irin su salmonela ko shigela, ko ya kamu da kilamidiya ta hanyar saduwa, ya warke, bayan mako ɗaya zuwa huɗu gwiwa ko diddige ya kumbura, ido ya yi ja. Yawanci abin yana lafawa cikin watanni, amma a jikin wasu yakan zauna, kuma masu HLA-B27 sun fi shiga wannan haɗari.

Idan ƙwayar cuta ce ta ɓuya

A 1975 wasu iyaye mata biyu a yankin garin Lyme da ke jihar Connecticut ta Amurka suka matsa wa hukumar lafiya lamba. Yara da yawa a yankinsu an ce suna da amosanin gaɓɓai na yara, su kuwa suka ce yawan ya wuce a kira shi katari. Allen Steere na jami'ar Yale ya bi gida-gida, ya tattara mutum 51, cikinsu 39 yara ne. Ya lura a wasu tituna yaro 1 cikin 10 na da ciwon, yawanci ya fara musu ne a lokacin zafi da farkon kaka, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun tuna wani jan tabo mai faɗaɗa da ya fito musu a fata kafin gwiwa ta kumbura. Ciwon garkuwar jiki ba ya bin titi, ba ya bin yanayin shekara. A 1982 Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar bakteriyar a cikin kaska. Ciwon da aka yi wa laƙabin amosanin yara ya zama ciwon da maganin kashe bakteriya ke warkarwa a mafi yawan lokuta.

Cutar Whipple ta fi wannan ban tsoro. Tun 1907 aka bayyana ta, amma sai 1992 aka tantance ƙwayar da ke kawo ta, sai 2000 aka iya renonta a ɗakin gwaji. Takan fi kama maza masu matsakaitan shekaru. Ciwon gaɓɓai na iya yin shekaru yana yawo a jikinsu kafin gudawa da rama su bayyana, a tsakanin nan kuwa sau da yawa an riga an ce rumatoyid ne, an ɗora su kan magungunan danne garkuwar jiki. Sakamakon haka shi ne ƙwayar ta samu sarari ta bazu, wani lokaci har zuciya da ƙwaƙwalwa. Kama da wane ba ta wane. A ganina wannan cuta ita ce babbar amsa ga mai cewa binciken musabbabi ɓata lokaci ne tunda dai duk kumburi ne.

Sauyin da ba a gada, ba a kuma gadar da shi

A 2020 masu bincike a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka juya hanyar aikin. Maimakon su tara masu alamomi iri ɗaya su nemi ƙwayar gadon da ta haɗa su, sai suka fara da bayanan gadon mutum sama da 2,500, da yawansu masu ciwon da aka kasa gano sunansa, suna neman sauyin da ya maimaitu. Suka ci karo da shi a wata ƙwayar gado mai suna UBA1. Da suka bi sawu sai suka samu maza 25, duk ciwon ya same su ne da girma. A baya kowanne da sunan ciwon da aka ba shi: wannan kumburin guringuntsin kunne da hanci, wancan ciwon fata, wani kumburin jijiyoyin jini, wani lalacewar ɓargo. Abin da ya haɗa su shi ne zazzaɓi, ƙarancin jini mai manyan jajayen ƙwayoyi, da wasu ƙananan ramuka masu kama da kumfa da ake gani a ƙwayoyin ɓargonsu a ƙarƙashin madubin likita. Aka sa wa cutar suna VEXAS. Goma daga cikin 25 ɗin sun rasu.

Ba a haife su da sauyin ba. Ya auku ne a ɓargo bayan sun manyanta, don haka 'ya'yansu ba sa gadonsa. A 2023 aka duba bayanan mutum fiye da 160,000 a jihar Pennsylvania, aka ƙiyasta cewa namiji 1 cikin 4,269 masu shekara sama da 50 na ɗauke da shi. Cutar da ba ta da suna kafin 2020 ashe tana nan a asibitoci, a rarrabe ƙarƙashin sunaye daban-daban.

Ina ciwon zai dosa?

Sanin musabbabi rabin aiki ne. Tambayar da ta fi damun mai ciwo ita ce: wannan abu zai wuce, ko zai zauna ya naƙasa ni?

Cutar Still ce ta fi nuna wahalar amsa wannan. George Still, likitan yara a Landan, ya bayyana ta a 1897, Eric Bywaters kuma ya nuna a 1971, ta hanyar mata 14, cewa tana kama manya. A 2024 ƙungiyoyin masana na Turai suka amince cewa ta yara da ta manya cuta ɗaya ce. Yadda take zuwa abin mamaki ne. Da safe yaro zai tashi garau yana wasa. Can da yamma zafin jiki ya haura digiri 39, wasu ƙuraje masu launin ja-ja su feso a ƙirji da cinyoyi, gaɓɓai su ɗauki ciwo, ya kwanta yana rawar ɗari. Kafin gari ya waye zazzaɓin ya sauka, ƙurajen sun ɓace, likitan da ya duba shi da hantsi bai ga komai ba. Haka kullum, mako bayan mako. Babu gwaji guda da ke tabbatar da ita, sai an kawar da zargin ƙwayoyin cuta da sankarar jini tukuna, ko da yake hauhawar sinadarin feritin a jini yakan ja hankali gare ta.

Daga nan hanya ta rabu uku. Wasu sau ɗaya take zuwa musu ta tafi. Wasu tana tafiya tana dawowa. Wasu kuma zazzaɓin ya lafa amma ciwon ya tare a gaɓɓai, musamman wuyan hannu da ƙugu, yana cin su a hankali. Kusan yaro 1 cikin 10 kan faɗa wani hali mai haɗarin gaske inda ƙwayoyin garkuwa ke haukacewa su fara cinye ƙwayoyin jini, hanta ta taɓu, jini ya kasa daskarewa.

A 2005 wani bincike a Dallas ya nuna cewa IL-1 ce ke hura wutar, ya kuma gwada allurar anakinra mai toshe ta a kan marasa lafiya 9, bakwai suka samu lafiya sarai. Daga baya masana suka kawo hasashen cewa ciwon yana farawa ne da ihun mai gadin ƙofa, idan aka bar shi ya daɗe sai ɗaya ɓangaren garkuwar ya shigo, a lokacin ne yake zama na dindindin. Likitoci a Utrecht ta ƙasar Holan suka gwada ba da anakinra tun farkon ciwo. A rahotonsu na 2019 kan yara 42, kusan uku cikin huɗu ciwon ya kwanta musu bayan shekara guda, kusan rabi ma sun daina shan kowane magani. Binciken ƙarami ne kuma ba a kwatanta da wani rukuni ba, amma ya sauya yadda ake tunani: watannin farko sun fi kowane lokaci muhimmanci.

Rumatoyid ma ya koyar da darasi kan lokaci. A 2004 masu bincike a Amsterdam suka koma kan tsohon jinin da mutum 79 suka taɓa bayarwa gudummawa kafin ciwon ya kama su. Kusan rabinsu sinadaran garkuwar da ke nuna cutar na cikin jininsu tun wajen shekara huɗu da rabi kafin gaɓa ta fara ciwo. Ke nan ranar da mutum ya fara jin zafi ba ita ce ranar da ciwon ya fara ba.

Inda masana suka saɓa

Idan ana iya hango ciwo kafin ya iso, a ba mai lafiya magani? A wani gwaji da aka wallafa a 2024, wanda aka yi a Birtaniya da Holan kan mutum 213 masu haɗarin kamuwa da rumatoyid, kashi 6 cikin 100 ne suka kamu a shekarar da suke karɓar allurar abatasef mai danne garkuwar jiki, a rukunin da aka yi wa allurar da babu magani a cikinta kuwa kashi 29. Bayan an tsayar da allurar da shekara guda, tazarar ta ragu zuwa 25 da 37. Masu goyon baya suna cewa ko jinkirta ciwon ma riba ce. Masu ja da baya suna cewa yawancin waɗanda aka bai wa allurar da ma ba za su kamu ba a wannan tsakanin, an danne musu garkuwa a banza.

Saɓani na biyu ya fi zafi. A shekarun 2010 aka fara ganin wani mummunan ciwon huhu a wasu ƙananan yara masu cutar Still, a daidai zamanin da sababbin allurai irin su anakinra suka bazu. Wani ɓangare na masana na ganin jikin wasu yara ne, musamman masu wata alamar gado, ke ƙin maganin, don haka a dakatar da shi. Wani ɓangaren na ganin ciwon ne da kansa mai tsanani, kuma janye maganin na iya jefa yaron cikin halin da ya fi muni. Likitan da yaron ke gabansa ba shi da damar jiran a gama muhawara.

Abin da ke sa aikin tafiyar hawainiya

Ƙarancin marasa lafiya shi ne babban cikas. Gwajin maganin zuciya yakan tara mutum dubu goma. Babban gwajin allurar tosilizumab kan yara masu cutar Still, na 2012, yara 112 ya samu, shi ma sai da aka haɗa ƙasashe da dama. Binciken gadon cutar na 2017 ya tattaro yara 770 daga ƙasashe 9. Shi ya sa aka koma ga kundin rajista na haɗin gwiwa, irin Eurofever da aka fara a 2008, inda asibitoci ke zuba bayanan marasa lafiyarsu ana bin su shekara da shekaru.

Akwai kuma giɓin da ya kamata ya dame mu. Wani nazari na 2016 ya nuna kusan kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kusan kashi 3. Labarin HLA-B27 a Gambiya ya isa shaida cewa abin da aka gano a wata al'umma ba lallai ya hau kan wata ba. Hatta ƙurajen cutar Still, da kwatancen farar fata aka rubuta su a littattafan likitanci, a fata mai duhu kuwa da wuya a gan su. Idan ba a gani ba ba za a rubuta ba, sai a wayi gari ana cewa cutar ba ta kama waɗannan mutane.

Ga mai tambayar dalilin kashe kuɗi kan cutar mutane ƙalilan, amfanin ba ya tsayawa a kansu. Na'urar nan mai sakin IL-1, a 2006 aka gano ita ce ke tayar da ciwon gawut, wani kumburin gaɓa mai yawan kama babban yatsan ƙafa, wanda miliyoyi ke fama da shi. A 2017 gwaji kan mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya ya nuna toshe IL-1 yana rage sake aukuwarsa ba tare da an taɓa kitsen jini ba.

Ga mai ciwo da iyalinsa

Gaɓar da ta kumbura har mako shida, ko sandarewar safe mai daɗewa, ko ciwon baya da ke tayar da matashi cikin dare, ko zazzaɓi mai zuwa kullum a lokaci ɗaya ya ƙi jin maganin ƙwayoyin cuta, duk suna buƙatar likitan da ya ƙware a cututtukan gaɓɓai. Gwajin rumatoyid da ya fito babu komai bai wanke mutum ba, domin yawancin cututtukan da muka ambata ba sa nunawa a cikinsa. Haka nan samun HLA-B27 a jini ba ya nufin mutum yana da ciwo.

Tunda alamomin suna zuwa suna ɓacewa, rubuta lokacin da zazzaɓi ya tashi da ma'auninsa, da ɗaukar hoton ƙuraje ko kumburin a waya kafin su baje, yana ba likita abin da ba zai gani da idonsa ba. A faɗa masa duk gudawa ko cizon kaska ko jan ido da ya riga ciwon, da kuma ko akwai mai irinsa a dangi. Magungunan sitiroyid irin su firednisolon suna kwantar da kusan kowane kumburi cikin kwanaki, shi ya sa shansu ba da umarnin likita ba yake da haɗari biyu: suna ɓoye alamun da za a gane ciwon da su, kuma daɗewa a kansu na raunana ƙashi, ya hau da sukari, ya tauye girman yaro. Yaron da aka tabbatar yana da amosanin gaɓɓai kuma a riƙa kai shi wurin likitan ido a kai a kai ko da bai yi ƙorafi ba, domin kumburin cikin ido da ke biyo wannan ciwo sau da yawa ba ya zafi, ba ya sa ido ja, sai ya riga ya taɓa gani ake farga.